Kama Ɗaki Ta Salula: Inda Riba Take, Inda Rami Yake

Jawabin ofishin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, Maraɗi

Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Ƙonni, Damagaram, Gaya, da waɗanda suka ƙetaro daga Jibiya, Katsina da Illela, sannunku da zuwa, sannunku da hanya.

Shugaba ya ce mu ɗan yi magana a kan masauki kafin a kawo abinci. Dalili kuwa, ƙorafin da ke shigowa ofishinmu ya sake kama. Da can, in mutum ya shigo ransa a ɓace, to maganar duwan ce ko ta direban da ya yi kwana da kaya. Yanzu sai ka ga ya ajiye maka salula a kan tebur yana cewa, malam, duba mini, na biya kuɗin ɗaki kuma sun ce ba su san da ni ba.

Iyayenmu da ke zaune a gaba sun san yadda aka saba. Kowane fatake yana da maigidansa a zango. Ka sauka a Zongo na Kwatano, ko a Lome, ko a Nima ta Akara, akwai wanda zai karɓe ka, ya ba ka wurin kwana, ya sa kayanka a sito, ya haɗa ka da dillali, in rigima ta tashi ya tsaya maka. La'adarsa tana fita daga ciniki. Wannan tsari bai mutu ba, kuma ba mu zo yi masa jana'iza ba. Amma tafiya ta faɗaɗa. Yaranmu suna zuwa Dubai, suna zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin, inda ba kowa ke da maigida ba. Ga kuma matasa da hajiyoyi da ke son ɗaki nasu da makulli a hannu. Nan shafukan kama otel suka shigo, irin su Booking.com, Agoda, Expedia da Trip.com, da Hotels.ng ga masu yawo cikin Najeriya.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane: shafin nan ba shi da ɗaki ko ɗaya. Dillali ne. Otel ya ba shi ɗakuna ya tallata, in ka kama ta hannunsa otel ya biya shi la'ada, galibi wajen kashi 15 cikin 100, wani lokaci fiye. Mu da muka tashi cikin dillanci mun san ma'anar wannan. In kaya ya yi kyau, dillali ya ci yabo. In ya ɓaci, sai ya ce je ka ga mai kaya, mai kaya kuma ya ce koma wurin wanda ya karɓi kuɗinka.

Amfaninsa gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Kana zaune a rumfarka a babbar kasuwa, kana ganin farashin otel goma a jere, da hotuna, da abin da waɗanda suka kwana can suka rubuta. Ba sai ka sauka filin jirgi da tsakar dare mai tasi ya kai ka inda yake da kaso ba. Ga masu neman biza kuma, takardar da shafin ke bayarwa tana cikin abin da ake nuna wa ofishin jakadanci don a san inda mutum zai sauka. Sannan mai zuwa baje kolin Gwanzu, wanda ake yi sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba, ya san ɗakuna suna tsada kamar goro a lokacin. Wanda ya kama tun wata biyu kafin nan ya tsira da kuɗi mai kauri. Akwai 'yan ƙungiyar nan da suka yi shekaru suna haka ba su taɓa yin asara ba, kuma daga bakinsu muka koyi yawancin abin da za mu faɗa.

To ina ramin yake? Yana cikin kalmar rangwame ita kanta. Ɗaki guda yakan zo da farashi biyu. Mai ɗan tsada, wanda kana iya fasawa ba a cire maka komai ba har zuwa wata rana da aka ƙayyade. Da mai arha, wanda in ka biya ka biya, ko ka zo ko ba ka zo ba. Ido yakan tafi kan mai arhan, don shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Wannan farashin an yi shi ne don mutumin da ya san ranar tashinsa da ranar saukarsa. Mu fa? Wane ne a cikin zauren nan zai rantse cewa zai isa Lome ranar da ya ce?

Mu tuna abin da muka gani da idonmu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 iyaka ta sake rufuwa, Jibiya da Illela suka tsaya cik har Maris na 2024. Gadar Gaya da Malanbil kuwa kowa ya san labarinta, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, manyan motoci suka koma zagaye ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, a yi kwanaki ana jiran tashi. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka ba ɗan kasuwa sanarwar mako guda. 'Yan'uwanmu masu fasfon Najeriya kuma sun tuna lokacin da Dubai ta daina ba su biza a 2022, sai a Yuli na 2024 aka koma bayarwa. Duk wanda ya biya ɗakin da ba a mayar da kuɗi a irin waɗannan ranaku, ya yi sadakar da bai yi niyya ba.

Wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama suna ba, yana nan cikinmu yana murmushi, ya kama kwana biyar a Lome a farashin rangwame. Mota ta lalace a hanya, ya isa da kwana ɗaya a makare. Ya ɗauka kwana ɗaya kawai ya rasa. Da ya je, aka ce tun da bai bayyana a daren farko ba kuma bai kira ba, an soke kamun gaba ɗaya, an ba wani ɗakin, kuɗi kuma ba ya dawowa. Haka ƙa'idar take a rubuce, cikin Faransanci, a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe. Da ya buga waya tun yana kan hanya, da wataƙila an riƙe masa. Ya kwana huɗun nan a wurin tsohon maigidan mahaifinsa, wanda bai tambaye shi takarda ba.

Ko farashin da ake iya fasawa yana da tarkonsa, wato agogo. Wa'adin fasawa yawanci da lokacin garin da otel yake ake lissafa shi. Kwatano lokacinmu ɗaya. Lome da Akara suna bayanmu da awa ɗaya. Dubai tana gabanmu da awa 3, Gwanzu da awa 7. In an ce kana iya fasawa har ƙarfe sha biyun dare a Gwanzu, to a Maraɗi ƙarfe biyar na yamma ne, bayan la'asar. Ka jira sai ka rufe rumfa, ka riga ka makara. Haka nan maganar sauka da asuba. Yawancin otel sai wajen ƙarfe biyu na rana suke ba da ɗaki. In jirginka zai sauka ƙarfe uku na dare, daren jiya ya kamata ka kama, in ba haka ba za ka yi gyangyaɗi a kujerar zaure har azahar.

Sai kuɗin da ba ya cikin farashin da aka nuna. A Dubai akwai harajin baƙi da ake karɓa a kan kowane ɗaki kowane dare, daga dirhami 7 zuwa 20 gwargwadon darajar otel, kuma a can wurin ake biyansa. Ban da shi akwai harajin kaya na kashi 5 cikin 100, da na birni, da kuɗin hidima. Wani shafin yana haɗa su tun farko, wani sai a mataki na ƙarshe. Don haka kada a gwada farashin shafi biyu a fuskar farko, a bi kowanne har inda ya rubuta jimilla. Wasu otel kuma sukan riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina, ba su cire ba amma ba ka iya taɓawa, sai bayan ka tashi da kwanaki ya saku. Mutumin da ya lissafa kuɗin sarinsa daidai wa daida, wannan riƙon kaɗai ya isa ya hana shi cika kwantena.

Wajen canji, masu sefa sun ɗan fi samun sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya. Amma dala da dirhami da kuɗin Sin suna motsi, banki kuma yana ɗora nasa. Masu naira sun fi ɗanɗana, musamman daga Yuni na 2023 da aka saki farashinta: ka kama ɗaki yau a kan za ka biya in ka isa, kafin ka isa lissafin ya canja. In na'ura ko shafi ya tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasarku ko na ƙasar da otel yake, zaɓi na ƙasar otel. Canjin da suke yi maka da kansu ya fi na banki tsada kusan kullum.

Yanzu maganar ɓarayi, kuma a nan muna roƙon a kasa kunne. Akwai shafukan bogi da ake kwaikwayon na gaskiya, bambancin harafi ɗaya ne a adireshi. Akwai masu talla a Facebook da WhatsApp, su ɗauko hoton ɗaki mai kyau su ce a turo kafin alƙalami ta salula. Waɗannan da sauƙin ganewa. Mai wuyar shi ne wanda ya yaɗu a 2023 da 2024: ɓarayi su sace makullin shiga na otel ɗin kansa, su aiko maka saƙo ta cikin manhajar gaskiya, da sunanka da ranar zuwanka daidai, su ce katinka bai wuce ba, ka latsa nan ka sake sa lambobi cikin awa kaɗan ko a soke. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da wurin latsawa, a tsaya. A nemi lambar otel daga takardar farko a kira. Lambar sirri da banki ke turo maka ta salula kuwa, ba otel, ba shafi, ba ofishinmu, babu mai haƙƙin jin ta. Kuma mu daina ba yaron shago ko mai kanti na intanet katinmu ya kama mana ɗaki ya ajiye lambobin a kwamfutarsa.

Hoto ma yana ƙarya ba tare da ya faɗi ƙarya ba. An rubuta kusa da kasuwa. Wace kasuwa? Mai zuwa Dantokpa da aka sauke a bakin teku zai ba 'yan zemijan abin da ya rage a rangwame cikin kwana biyu. A Dubai harkarmu tana Deira, wajen Naif. A Gwanzu mutanenmu sun fi sauka a Shiyawbe da Sanyuwanli, inda ake samun abincin halal da masu aika kaya, shi kuwa filin baje kolin yana Fazu, wata unguwa dabam. A buɗe taswira a auna. A karanta ƙorafin baya-bayan nan, ba yabon shekara uku da suka wuce ba. Sannan a tambayi abin da shafin ba ya tambaya don bai san sana'armu ba: ana barin a shigo da dila da kwalaye ɗaki? Akwai sito? Mutum nawa aka yarda su kwana? Hajiyoyinmu sukan haɗu su uku ko huɗu su raba kuɗi, amma in an kama da sunan mutum ɗaya, a bakin kanta za a ce a ƙaro kuɗi ko a kama wani ɗakin.

Ƙasar Sin tana da nata. Doka ce a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24, otel ne ke yi. An daɗe wasu ƙananan otel suna mayar da baƙi su ce ba su karɓar 'yan waje. A 2024 hukumomin can suka ce a daina, amma mai hankali zai rubuta wa otel ya samu amsa a rubuce kafin ya tashi. A kuma buga takardar kamun a kan takarda, da adireshi cikin rubutun Sinanci, domin WhatsApp da Google ba su buɗewa can kai tsaye, mai tasi kuma ba ya karanta boko.

Wata dabara da tsofaffin hannu suka koya mana: ka duba farashi a shafi, sannan ka kira otel ɗin kai tsaye. Tunda la'adar dillali za ta rage musu, sau da yawa sukan yi maka daidai da shafin ko ƙasa, musamman in kwanakinka da yawa ko ku ayari ne. A Kwatano da Lome wannan ya fi ci, inda ma yawancin masaukan da suka dace da aljihunmu ba su cikin kowane shafi.

Daga ƙarshe, abin da kwamiti ya zartar aka ce mu sanar. Asusun taimako na ƙungiya na wanda gobara, haɗari ko fashi ya faɗa wa ne. Daga yau ba zai biya asarar ɗakin da aka kama a farashin da ba a mayarwa ba. Mun san wasu ba su ji daɗin wannan ba, an yi ta muhawara a zaman da ya wuce, amma kuɗin karo-karon kowa ne. Abin da ofis zai yi a madadin haka: mun buɗe littafi na masaukai, gari-gari. Duk wanda ya dawo daga tafiya ya biyo ya faɗa mana inda ya sauka, nawa ya biya duka-duka, da ko zai koma. Masu maigida a zango da ke son a sa sunansa, su nemi izininsa tukuna. Wanda kuma zai kama ɗaki ta salula bai gane Faransancin ko Turancin ba, ya kawo mu karanta tare kafin ya latsa, ba bayan ya latsa ba. Muna ofis kullum daga safe zuwa la'asar, ban da Juma'a.

Shugaba, mun ga ana shigowa da kwanuka.