Kumburin Saiwar Kabeji: Cutar da Ke Juya Sinadaran Girman Shuka



Kabeji kan yi yaushi da rana tsaka, ya farfaɗo da yamma, ga shi an ba shi ruwa ya ƙoshi. Mai lambu sai ya ɗauko maganin feshi, domin ya saba da tsutsar ganye. To, wani lokaci matsalar tana ƙarƙashin ƙasa.

A 1878 wani masani ɗan Rasha, Mikhail Woronin, ya bayyana ƙwayar cutar da ta addabi gonakin kabeji a kewayen birnin St. Petersburg, ya sa mata suna Plasmodiophora brassicae. Yadda take ɓarna shi ne abin lura. Kowace shuka tana da sinadaran da ke tafiyar da girmanta. Oksin yana sa ƙwayoyin jikinta su miƙe su faɗaɗa. Sitokinin, wanda masana Skoog da Miller suka gano nau'insa na farko a Amurka a 1955, yana sa su rarrabu su yawaita. Idan cutar ta shiga saiwa, sai ta dagula ma'aunin sinadaran nan biyu. Ƙwayoyin saiwar su yi ta rabuwa suna kumbura ba ƙaƙƙautawa, abincin da ganye ya haɗa ya riƙa gangarowa cikin kumburin, cutar tana ci. Ruwa kuwa ya kasa hawa sama. Kamar ɓarawo ne da ya karɓe makullin rumbu, mai gida na zubawa yana kwasa.

Idan saiwar ta ruɓe, ƙwayoyin cutar kan kwanta a ƙasa har kusan shekara 20. Sun fi son ƙasa mai tsami mai riƙe ruwa. Dashe, laka a jikin fartanya da takalmi, da ruwan da ya bi ta gona mai cutar, su ke yaɗa ta. Ko Kanada, da duk kayan aikinta, tana fama da ita a gonakin kanola na Alberta tun 2003.

Amma a kula, ba kowane ƙulli ba ne wannan cuta. Akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ke ƙulla saiwar tumatir da latas da kabeji. Ita kuwa cutar kumburi dangin kabeji take kamawa.

Saboda haka, wanda ya ga yaushi ya tuge guda ya duba saiwa, ya kai wa malamin gona ko ofishin kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma da ke Pokuase. A reni iri a ƙasa mai tsabta, a ɗaga fangali don ruwa ya wuce, a rage tsamin ƙasa da farar ƙasa, a riƙa sauya kabeji da albasa ko masara. Abin da aka tuge a ƙone shi, kada a zuba cikin taki.

Allah ya sa albarka a nomanmu.