Eka, Hekta da Taki: Da Wane Awo Muke Raba Gona a Dutse?

 

An roƙe ni in yi bayanin yadda ake juya awon filin Romawan da zuwa awon masu safiyo na Amurka. Wani zai ce ina ruwan manomin Kiyawa ko Jahun da wannan? Ku ba ni aron kunne, lissafin nan a bakin gonarmu zai sauka.

Romawa suna awo da ƙafa, kuma ƙafarsu kusan santimita 29.6 ce. Filin da suke kira yugerum yana da tsawon ƙafa 240 da faɗin 120, wato murabba'in ƙafa 28,800, kuma sun ɗauke shi a matsayin abin da shanu biyu za su huɗe a yini guda. Ekar Ingila ma haka asalinta yake, aikin garmar shanu na yini. A 1620 Edmund Gunter ya fito da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, murabba'inta goma ya zama eka, wato murabba'in ƙafa 43,560. Da sarƙar nan Amurka ta yanyanka ƙasarta bayan dokar filaye ta 1785, kowane murabba'in mil eka 640.

Ga inda mai lissafi ke faɗawa rami. In ya raba 28,800 da 43,560 zai samu 0.66, ya ce ya gama. Bai gama ba, domin ƙafar Baturen Ingila santimita 30.48 ce, ta ɗara ta Romawa. Dole a bi ta mita: yugerum kusan murabba'in mita 2,520 ne, eka kuma 4,047, don haka amsar 0.62 ce, kimanin rubu'in hekta ke nan. Tazarar da ba ta kai santimita ɗaya ba ita ta haifar da wannan giɓi.

Mu dawo gida. Kafin Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, gunduma ce a ƙasar Kano. A farkon mulkin Turawa an shigo da awon taki a lardin Kano, inda malaman taki ke zaga gona suna ƙirga takunsu, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon girmanta. To ku auna da kanku. Gona mai taki ɗari ta kowane ɓangare, in takin mai awo santimita 70 ne, murabba'in mita 4,900 ce. In dogo ne mai takin santimita 80, taki ɗarin nan ya zama 6,400. Bambancin 1,500 ya wuce fuloti uku na ƙafa hamsin da ɗari, kuma a takarda duk "taki ɗari" aka rubuta.

Wannan matsala ba ta tafi da Turawa ba, kuma ita ke damuna. A yau awo uku ke yawo a bakinmu lokaci guda. Dillalin fili yana ciniki da ƙafa, malamin gona yana lissafin takin zamani da iri da hekta, manomi kuwa eka ya sani, ko ma ya ce gonata ta yini biyu ce da shanu. Da yawa suna ɗaukar eka da hekta abu ɗaya ne, alhali hekta eka biyu da rabi ce, saura kaɗan. Wanda ya zuba takin zamanin hekta a eka guda ya yi asarar kuɗi, wanda ya yi akasin haka ya bar geronsa da yunwa. Ranar rabon gado kuma a zo da igiya a ja daga tushen gamba zuwa jerin bini-da-zugu, a ƙirga kunya. Magadan da aka fitar wa sumuni da sudusi daidai a takarda sai su samu rabonsu ya karkace a ƙasa, kuma galibi kason mace da maraya ne ke ƙanƙancewa. Wannan haƙƙi ne da Allah zai tambaya.

Ko doka ba ta tsira ba in an manta da ma'auni. A shekara ta 367 kafin Miladiyya Romawa sun hana mutum riƙe fiye da yugerum 500 na filin hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta hana ƙaramar hukuma ba wa mutum fiye da hekta 500 na noma sai da iznin gwamna. Adadin ɗaya ne, amma na Romawa hekta 126 ne kacal.

Roƙona ga masu unguwanni da dagatai, tunda ku ne shaidun ciniki: kowace takardar sayar da gona ta ɗauki tsawo da faɗi da mita, a rubuta sunayen maƙwabtan iyaka huɗu. Ku kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, tef ɗin mita hamsin bai fi ƙarfin aljihunku ba. In kun je hutu ku auna gonar gidanku gaban babanku, ku rubuta, ku ba shi ya adana.