Kayan Maye Da Ƙarya Su Ke Hana Yaro Aikin Amana

Jama'a 'yan'uwa mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, musamman 'yan ƙasar Mubi: Wannan jawabi ya shafi 'ya'yanku waɗanda ke zuwa gida karɓar takardar shaidar ƙaramar hukuma domin neman aikin soja, ko ɗan sanda, ko kwastan, ko wani muƙami inda ake riƙe asirin Gwamnati.

Irin wannan aiki ba a ba mutum shi sai an tantance shi. Hukumar 'yan sandan ciki, watau SSS, wadda aka kafa cikin 1986, ita ke bin diddigin masu neman manyan muƙamai kafin a naɗa su. Akan duba takardun makaranta da shekarun haihuwa, a kuma binciki halin mutum a wurin waɗanda suka san shi. Abubuwa biyu da ke saurin kada mai nema su ne shan kayan maye da ƙarya.

Dalili kuwa a fili yake. Mashayin ƙwaya kullum cikin bukatar kuɗi yake, saboda haka sayensa ba wuya. Wanda ke sayar masa ya riƙe asirinsa, yana iya juya shi yadda ya ga dama. Sa'an nan in maye ya kama shi bakinsa ba linzami. Mubi tana dab da iyakar Kamaru, mutanenta kuma ba su manta da watan Oktoba na 2014 ba, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin kafin a ƙwato shi cikin Nuwamba. A irin wannan wuri, ma'aikaci guda da ya sayar da labarin motsin soja yana iya jawo asarar rayuka masu yawa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Janar Buba Marwa, ɗan asalin Michika maƙwabciyar Mubi, wanda mutanen Ikko suka sani tun yana gwamnansu daga 1996 zuwa 1999, ya karɓi shugabancin hukumar NDLEA cikin 2021, ya kuma yi ta kira a riƙa gwada masu neman muƙami. A Kano, cikin wannan shekara, an hana 'yan takarar kansila 13 tsayawa zaɓe saboda gwaji ya tona su.

Amma ƙarya ta fi shan ƙwaya muni a idon mai bincike. Wanda ya taɓa sha ya bari, ya kuma faɗi gaskiya, ba mai sauran abin da zai tsorata shi da shi. Wanda ya ɓoye kuwa ya nuna cewa maganarsa ba abin dogara ba ce, alhali aikin tsaro duk a kan amana yake tsaye. Ko ya tsallake yau, ramin ƙarya ƙurarre ne. Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai cikin Yuli 1999 saboda ƙaryar shekaru da takardar digiri ta Jami'ar Toronto. Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta yi murabus cikin Satumba 2018 bayan an gano takardarta ta yafe hidimar ƙasa jabu ce. In manya ba su tsira ba, ina ga yaron da ba shi da kowa?

Saboda haka wajibi ne uba ya san abokan ɗansa a tasha da kasuwa. In yaro ya fara sha, a kai shi asibiti ko wurin masu ba da shawara na NDLEA tun kafin ranar gwaji. Kada a rage masa shekaru a takardar rantsuwa, kada kuma a saya masa shaidar da bai yi karatunta ba, domin uban da ya yi haka shi ya haƙa wa ɗansa rami da hannunsa.