DUKIYA NA DAJI, SHAWARA NA GARI: ZAMAN MAKIYAYI A GUNDUMAR BERMO

(Jawabin da ɗaya daga cikin shugabannin reshen ƙungiyarmu ya yi a taron makiyaya da ƴan kasuwar bisashe.)



Ardo-ardo da sarakunan shanu, malamai, iyayenmu mata, dillalai da fatake, ƴan uwa makiyaya, Fulani da Buzaye da Hausawa, muna yi muku barka da zuwa. Mun san wasunku sun baro shanu a bakin rijiya. Wasu tun asuba suke bisa raƙumi, wasu a bayan kabu-kabu. Allah ya saka da alheri. Ba za mu ja magana ba.

Abin da ya tara mu shi ne zamanmu da sana'armu a wannan ƙaramar gunduma tamu. Maganar guda ce. Dukiyarmu tana daji, amma a gari ake yanke shawara a kanta: a kasuwa ake sa mata kuɗi, a ofishin komin ake karɓar harajinta, a kwamitin ƙasa ake cewa ga inda za ta bi, ga inda ba za ta bi ba. In ba mu zauna a waɗannan wurare uku ba, wani zai zauna a madadinmu, kuma ba lalle ne ya san ciwonmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

INDA MUKE

Da can Bermo tana ƙarƙashin Dakoro. A shekarar 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta a jihar Maradi, da komin biyu: Bermo da Gadabeji. A ƙidayar 2012 mutanenmu dubu hamsin ne da ƴan kai. Mutane kaɗan, ƙasa mai faɗi, bisashe masu yawa. Hanya rairayi ce, asibiti da nisa, lakwal ba a kowane zango ba. A nan dajin Gadabeji yake, wanda aka keɓe tun 1955, faɗinsa hekta 76,000. A 2018 aka kawo masa raƙuman dawa daga Kure.

Ƙanƙantar wuri tana da wuyarta, tana da daɗinta. Wuyar, kowa ya sani. Daɗin shi ne, nan ba wanda ba a sani ba. Parefe, likitan dabbobi, mai karɓar tikitin kasuwa, duk muna haɗuwa da su a masallaci da wurin suna. A babban birni talaka sai ya yi wata guda bai ga mai hukunci ba. Mu a nan yini guda ya isa. Wannan dama ce, amma ba mu cika aiki da ita ba.

KASUWA

Mu fara da kasuwa, domin can ne gumin shekara yake zama kuɗi.

Dattawanmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984. Mu kanmu mun ga yunwar 2005, mun ga abin da ya faru a 2010. Damanar 2009 ba ta yi ba, haki ya ƙare tun rani bai yi nisa ba. Mun riƙe shanu muna cewa gobe za a yi ruwa. Da muka yarda mu sayar, saniya ta koma ƙashi da fata, wata ko kuɗin buhun hatsi ba ta kawo ba. Waɗanda suka rage, ruwan farko ya zo da sanyi ya kwantar da su. Akwai mutane a zaune nan da suka shiga wannan shekara da garke, suka fito da sanda kawai.

Me muka koya? Kasuwa tana da lokaci kamar yadda ruwa yake da lokaci. Da kaka bisa tana da ƙiba, hatsi yana da araha. Da bazara bisa ta rame, hatsi ya hau. Wanda ya sayar da rago da kaka ya cika rumbu. Wanda ya jira bazara, raguna biyu zai ba da a kan abin da guda ɗaya ya isa ya sayo. Mun san haka, amma zuciya ba ta son rabuwa da saniya mai kyau. To, ƴan uwa, a duba daji tun watan da ruwa ya ɗauke. In haki bai isa ba, a rage tsofaffi da bijimai tun suna da nama, a sayi hatsi da dusa a ajiye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai maganar dillali. Dillalai suna nan tare da mu, kuma ba mu zo zagin kowa ba. Dillali mai gaskiya shi ne mai masaukinmu, shi ne shaidar cewa bisa ba ta sata ba ce, shi ke tsayawa in ciniki ya rikice. La'adarsa halal ce. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne cinikin raɗa, inda mai saniya yake tsaye can gefe, bai ji abin da aka taya ba, sai a zo a ce masa ga abin da aka sallama. Muna roƙo a yi ciniki gaban mai dukiya, a faɗi la'ada tun farko, kowa ya ji. Yau kusan kowane zango akwai salula. Kafin ka kora bisa zuwa Sakabal ko Dakoro, ka bugi ɗan uwanka da ya ci kasuwar da ta wuce, ka ji yadda ake ciki.

Kuma mu sani, kasuwarmu ƙarama ce amma igiyarta tana ɗaure da Najeriya. Shanunmu da yawa ta Maradi suke bi su shiga Jibiya, daga nan su yi kudu. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, masu saye daga waje suka yi ta zuwa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A 2023 aka sake rufewa bayan juyin mulki, aka yi watanni ana wahala, kuma a wannan shekara naira ta faɗi ƙwarai. In naira ta faɗi, bafataken Najeriya ba ya iya biyan sefa mai yawa, sai farashi ya karye mana a nan. A 2025 kuma, gab da babbar salla, gwamnatinmu ta hana fitar da bisashe waje. Duk waɗannan ba mu muka yanke su ba, kuma ba mu da ikon hana su. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu bari buƙata ta kai mu kasuwa a ranar da ba mu zaɓa ba.

KUƊIN KOMIN

Wuri na biyu shi ne ofishin komin. Tun zaɓen 2004 aka soma aiki da komin a ƙasarmu. A 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙo. Ko da zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, tambayarmu ba ta sake ba. A komin irin namu babu masana'anta, babu manyan kantuna. Kuɗin da ke shiga asusu, mafi yawansa daga ina yake fitowa in ba daga bayan saniya da raƙumi da akuya ba?

Saboda haka abu biyu muke kira a kai. Na farko, mu biya. Wanda ya zagaya bayan kasuwa don gudun tikiti, bakinsa ya mutu ranar tambaya. Mu biya, mu karɓi takarda, mu adana ta. Kuɗin da aka ba da babu takarda, ba mu san aljihun da ya shiga ba. Na biyu, mu tambaya. Nawa kasuwa ta tara bana? Nawa aka mayar wa kiwo? Muna son mashaya da inuwa a kasuwa, da wurin loda bisashe a mota. Muna son shingen yin allura, don rigakafin ciwon huhu ya kai ko'ina. Muna son rumbun dusa da ake cikawa da kaka, ba sai shanu sun fara faɗuwa ba. Muna son a share hanyoyin tare wuta kafin iskar hunturu, domin gobara guda tana cinye abincin garke ɗari a yini ɗaya. Wannan ba roƙo ba ne. Kuɗinmu ne muke bin sawunsa, cikin ladabi, ba da faɗa ba.

ƘASA DA RUWA

Wuri na uku shi ne kwamitin ƙasa, wanda ake kira Kofo. Akwai na gunduma, akwai na komin, akwai na ƙauye da zango. Doka ta ba makiyaya kujera a ciki. Sau nawa aka kira taro kujerarmu tana wofi, don wakili ya tafi mashekari bai bar kowa ba?

Ku riƙe dokoki uku. Ta farko ita ce dokar 26 ga Mayu 1961, wadda ta ja iyakar noma. A wajenmu kwarin Tarka ne alamar da kowa ya sani. Arewa da iyakar ƙasar kiwo ce, an hana buɗe sababbin gonakin damana, kuma ba a biyan ɓarna a kansu. Ta biyu ita ce dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da ake kira Kod Rural. Ita ta kafa Kofo, ita ta ce makiyayi yana da haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali. A lura, fifiko ne, ba mallaka ba: kai ne farkon sha, amma ba ka hana baƙo ruwa. Ta uku ita ce dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta hana mutum ya killace dajin kiwo ya mai da shi nasa shi kaɗai, ta kuma sa ƙa'ida a kan kwasar haki don sayarwa.

Dokoki ne masu kyau. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta wurin. Kuna gani da idonku: gona tana hawa arewa kowace damana, burtali yana ƙuntata, mai kuɗi yana gina rijiya ya ce dajin da ke kewaye nasa ne, amalanke da motoci suna kwashe haki zuwa birni. In ba a rubuta burtali ba, ba a kafa masa alama ba, shekara goma ta isa a ce ba a taɓa yinsa ba.

Wani gargaɗi kuma a kanmu yake. Wasunmu ma suna buɗe gona a dajin kiwo don kama wuri. Wasunmu suna sayar da ruwan rijiya da tsadar da talaka ba ya iyawa. Wasu suna sakin shanu kudu tun ba a ba da ranar sakin gonaki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada mu manta da Toda, a yankin Gidan Rumji, inda a 1991 aka kashe mutum fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara, a kan rikicin noma da kiwo. Manomi ɗan uwanmu ne. Hatsinsa muke ci, takinmu yake so. Rigima a kai ta gaban hakimi da Kofo, ba gaban sanda ba.

ABIN DA ZA MU TAFI DA SHI

Ga abin da muke so kowane ardo ya kai wa jama'arsa.

1. Kowane zango ya fid da wakili da mataimakinsa, don in ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ya halarci taron Kofo.

2. A kai rijiyoyi da mashaya da burtalai a rubuta su, a ajiye takardun a hannun mutum biyu amintattu.

3. Kowa ya yi katin ɗan ƙasa, a yi wa yara takardar haihuwa. Marar takarda baƙo ne a garinsu, a kan hanya kuma abincin kowa ne.

4. A riƙe takardar allurar bisashe da tikitin kasuwa. Mai ƙetare iyaka ya tambayi ofishin kiwo takardun da ake bi yanzu, tunda ƙasarmu ta fita daga Sedeyawo a Janairun 2025.

5. Da kaka a zauna a ƙiyasta haki, a yanke shawarar sayarwa tare, a sayi dusa da hatsi a dunƙule. Saye da yawa ya fi sauƙin kuɗi.

6. A sa mata cikin kwamiti. Nono da man shanu da cuku su ke riƙe gida tsakanin kasuwa da kasuwa, kuma mata sun fi mu sanin kuɗin tiyar hatsi.

7. Kowane gida ya bar yaro ko yarinya a lakwal. Mu da muka tsaya a firamare, ɗan abin da muka samu shi muke karanta muku doka da shi yau. Gobe muna son likitan dabbobi da sakataren komin su fito daga cikin ƴaƴanmu.

Ƴan uwa, iyayenmu sun bar mana habbanaye: ka ba ɗan uwanka saniya ta haihu a hannunsa, ya tashi, ya mayar maka. Mutanen da suka iya wannan amana ba za su kasa riƙe asusu guda da kujera guda ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In mun faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a gafarce mu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da bisashenmu daga fari da cuta da ɓarayi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.