Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Nauyi Cikin Takardun Ofis: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin iyayen ƙasa, watau hakimai, da kuma malaman da ke karanta musu takardu suna rubuta amsa. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da yawa daga cikin takardun da ke kai da kawowa tsakanin sarki da hakimansa da Hausa a ke rubuta su. Yanzu kuwa abin da ke fitowa daga ƙaramar hukuma, ko kotu, ko banki, ko ma'aikatar lafiya, galibinsa da Turanci ya ke zuwa. Hakimi shi ke sa hannu, shi kuma za a tuhuma in abu ya ɓaci, alhali kuwa sau da yawa abin da malami ya faɗa masa shi ne iyakar abin da ya ji daga takardar.

Doguwar kalma ba ta cika ka da malami ba, gama da ya gan ta sai gabansa ya faɗi, ya jawo ƙamus. Gajeruwa ita ce mugun tarko, don ya saba ganinta tun yana firamare, yana zaton ya san ta sarai.

A fara da "shall" da "may". A makaranta an koya wa yara cewa "shall" daidai ta ke da "za" a Hausa, abin da zai faru nan gaba. Cikin doka da takardun hukuma ba haka ba ne. In an rubuta "The District Head shall attend", ba labari a ke bayarwa cewa hakimi zai zo ba, umurni ne, watau tilas ya zo. In kuwa an rubuta "may attend", an ba shi zaɓi ke nan, in ya ga dama ya je, in bai je ba babu laifi. "Must" dole ce tsagwaronta. "Should" kuwa ita ce "ya kamata", ba ta kai dole ba, amma mai hankali ba ya wasa da ita in daga sama ta fito. Akwai kuma "may not". Malami ya kan juya ta da cewa "wataƙila ba za a yi ba", kuma cikin hira haka ta ke nufi wani lokaci. Amma cikin takardar hukuma, kamar a ce "Cattle may not enter the reserve", hani ne: ba a yarda shanu su shiga gandun daji ba.

Wadda ta fi waɗannan jawo ɓacin rai ita ce "noted". A ce hakimi ya rubuta yana neman a yarda a mai da kasuwar wani ƙauye bakin hanyar mota. Bayan kwanaki amsa ta zo, layi ɗaya tak: "Your letter is noted." Malami ya duba, bai ga kalmar ƙi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, an yarda." Hakimi ya kira dagaci ya gaya masa, aka yi shela, mutane suka sassare kirare suka kafa rumfuna. Sa'an nan a zo daga ƙaramar hukuma a ce wa ya ba da izni? Ma'anar "noted" ita ce an gani, an sani, shi ke nan. "Received" kuwa an karɓa. "Under consideration" ana dubawa, kuma dubawar nan tana iya kai shekara. Ba a yarda ba sai an ga "approved" ko "granted". A ranar da za a rushe rumfunan nan ba wanda zai tuna da malami, sunan hakimi kaɗai za a riƙa kira a kasuwa.

Haka "recommend" ta ke, watau mutum ya ba da shawara a yi abu, amma ba shi ke da ikon yankewa ba. Wannan ya fi fitowa wajen sha'anin ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a kan amana. Shi ke da ikon filayen birni, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da haƙƙin zama irin na gargajiya a karkara. Saboda haka in hakimi ya sa hannu ƙarƙashin "recommended", lalle malami ya bayyana wa mai neman fili cewa takardarsa tana kan hanya ne tukuna, kada ya je ya zuba bulo.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, wajibi ne a duba kalmar da ke ƙarƙashin layin. "Witness" shaida ne, iyakarsa ya ce a gabansa aka yi. "Guarantor" da "surety" kuwa lamuni ne, watau wanda ya tsaya wa wani. In mai cin bashi ya gaza biya, banki kan wanda ya yi lamuni zai komo. Haka abin ya ke a wajen beli. Hausa ta ari kalmar daga "bail", har mutane suna cewa an yi belin wane, kamar shari'a ta ƙare. Ba ta ƙare ba. An sake shi ne bisa alkawarin zai komo kotu ranar da aka sa, in ya gudu wanda ya tsaya masa shi za a nema, kuma yana iya asarar kuɗin da ya yi alkawari.

Wajen kuɗi akwai wani abin lura. Bahaushe yana bambanta aro da rance bisa ga abin da za a mayar: wanda ya ari fartanya ita ɗin dai zai mayar, wanda ya ranci hatsi kuwa irinsa zai biya. Bature bai damu da wannan ba. Shi abin da ya ke dubawa shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa: mai karɓa ya yi "borrow", mai bayarwa ya yi "lend". In aka musanya su cikin takardar yarjejeniya, mai bin bashi ya zama wanda a ke bi. "Loan" kuwa rance ne, sai an biya. "Grant" ita ce taimakon da ba a mayarwa. Sa'ad da aka kawo wa manoma taki ko kuɗi, wajibi ne malami ya tabbatar wace kalma ce cikin biyun kafin a yi shela, gama manomin da aka ce wa kyauta ce ba zai saurari maganar biya da kaka ba, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Kalmomin dangi su ma suna da tasu. "Uncle" ta haɗa kawu da baffa, alhali a wajen rabon gado nesa ta ke tsakaninsu, saboda haka in takarda ta ce "uncle" sai a tambaya na wane ɓangare. "Next of kin" kuwa, wanda a kan cika a fom ɗin banki ko na aiki, ba magaji ba ne. Shi ne wanda za a fara nema in wani abu ya sami mutum. Magaji "heir" ne, kuma shari'a ke fid da shi.

Sai maganar lokaci. A lissafin Hausawa dare ke gaba da yini, shi ya sa daren Jumma'a ya ke farawa da faɗuwar ranar Alhamis. A Turanci ba haka ba ne: "Friday night" dare ne da ke bin yinin Jumma'a, wanda Bahaushe zai kira daren Asabar. Malamin da ya juya ta kai tsaye ya sa hakimi ya shirya tarbar baƙo da kwana guda kafin zuwansa. "Fortnight" mako biyu ne. "Within fourteen days" ba ta nufin bayan kwana 14, nufinta kada a wuce su. In kuma takarda ta fito daga wata ƙungiya ta Amurka, a yi hattara da kwanan wata: mutanen Ingila da Nijeriya rana su ke fara rubutawa, na Amurka kuwa wata, watau 3/4 a wajenmu uku ga Afrilu ne, a wajensu huɗu ga Maris.

Ƙamus abu ne da bai kamata ofishin hakimi ya rasa ba. Na Bargery ya fito tun 1934, amma ƙarfinsa daga Hausa zuwa Turanci ne. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mai fara wa da Turanci, kamar na Neil Skinner na 1965, ko na Roxana Ma Newman na 1990. Amma fa ƙamus ya kan jera ma'ana uku ko huɗu, zaɓen ya rage ga mai karatu. "Fine" kyau ne a bakin mai gaisuwa, tara ce a bakin alƙali. "Sentence" jimla ce a aji, hukunci ne a kotu. "Minutes" ba kullum ta ke nufin mintocin agogo ba, ita ce kuma rubutaccen bayanin abin da aka tattauna a taro. A duba daga wane ofis takarda ta fito tukuna a zaɓi ma'ana.

Duk wannan game da takardar da ta shigo ne. Wadda za ta fita daga ofishin hakimi ita ma tana son lura, musamman rahoton sata ko faɗa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda a ke tuhuma da laifi ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da shi. Saboda haka in dagaci ya kawo mutum a kan batun shanu, kada malami ya rubuta "the thief". Ya rubuta "the suspect", watau wanda a ke zargi, ya kuma sa "alleged" a gaban laifin, watau abin da aka ce ya yi. Kalmar "convicted" ba a rubuta ta sai bayan alƙali ya yanke hukunci, kuma kofin hukuncin ya iso ofis.