JAWABIN SAKATAREN LIMAN A RANAR AZA HARSASHIN MASALLACI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Liman. Iyayenmu dattawa, da dukkan waɗanda suka ba da dukiyarsu ko ƙarfinsu, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malam ne ya umarce ni da in yi wannan jawabi a madadinsa, ba don na isa ba.

Tun da dutse muka taru mu aza, bari in tuna mana labarin wani dutse. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, yana da shekara 35, saura shekara 5 a aiko shi. Gini ya yi ta tafiya lafiya har aka iso gurbin Hajarul Aswadi, sai kowace ƙabila ta ce ita za ta ɗora. Aka kwana huɗu ko biyar ana ja-in-ja, har wasu suka tsoma hannuwansu cikin akushin jini suka yi rantsuwar yaƙi. Sai dattijonsu, Abu Umayya, ya ce a bar hukunci ga wanda ya fara shigowa ta ƙofa. Allah ya sa Al-Aminu ne ya shigo. Ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a tsakiya, ya ce kowace ƙabila ta kama gefe, suka ɗaga tare, sannan ya ɗora da hannunsa mai albarka. Ba wanda ya koma gida da kunyar an kayar da shi.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, mu ma mun yi tamu gardamar. Ni ke riƙe da littafin kwamiti, kuma zama uku muka yi ba a ambaci siminti ba, sai tambayar wane ne zai riƙa jan salla, mai ƙabalu ko mai sadalu. Har wani bawan Allah ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Daga baya ya dawo da su da kansa, Allah ya saka masa da alheri.

To, abin da Malam ya karanta mana a zama na uku shi ne ya kashe wutar. Sakin hannu a sallar farilla yana cikin Mudawwana, an ruwaito shi daga Imamu Malik. Ɗora dama a kan hagu kuwa yana cikin Muwaɗɗa, littafin da shi Malik ɗin ya tattara da kansa. Ashe gida ɗaya muka fito muke wa juna kallon baƙi! Kuma shi wannan Imami, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, da Halifan Abbasiyawa ya nemi ya tilasta wa Musulmi duka bin Muwaɗɗa, ƙi ya yi. Hujjarsa ita ce sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowace ƙasa ta riƙi abin da ya isa gare ta na ilmi. Mai littafi bai yarda a tilasta littafinsa ba, balle mu da muke tuntuɓe a Ahalari.

Saboda haka kwamiti ya rubuta, kuma kowa ya sa hannu: sahun wannan masallaci na mai ƙabalu ne da mai sadalu, na Baƙadire da Batijjane da ɗan Izala. Ba za a zagi malamin kowa a kan mumbarinsa ba. Mai gyara ya sami Liman a zaure.

Haka nan a duba takardar gudummawa. Akwai Bayarabe, akwai Banufe, akwai Babarbare, kowa da irin gaisuwarsa da yadda yake sunan ɗansa. Akwai ma maƙwabcinmu Kirista, wanda da ruwan rijiyarsa aka buga bulon da kuke gani, bai karɓi ko kwabo ba. Don haƙƙinsa da na marasa lafiya, an yanke shawarar a rage ƙarar lasifika bayan sallar Isha'i.

Yanzu Malam zai kira mutum ɗaya daga kowane ɓangare, su kama wannan dutse tare, mai girma Hakimi ya aza shi. Allah ya sa mu ga kammaluwarsa da ranmu da lafiyarmu, ya jiƙan magabatanmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.