Ƙanina Bai Taɓa Kwana a Daji Ba

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba.

Rannan ina zaune a ƙofar gida ina kallon wani bidiyo a waya. Wasu matasa ne a ƙasar waje, sun kafa tanti a gindin dutse gefen tafki, suna dafa shayi. Sai ƙanina ɗan shekara 13 ya leƙo ya ce, "Yaya, su waɗannan ba sa tsoron a ɗauke su?" Na yi dariya, amma wallahi dariyar ba ta kai ciki ba. Don ni ina kamar shekarunsa na yi irin wannan kwanan, kuma ba a Turai ba, nan bakin dam ɗin Mairuwa, kusa da Funtua.

Lokacin muna 'yan sikawut a sakandare. Bayan kaka ne, an yanke dawa, ana ɗibar auduga, hunturu ya fara kankama. Malaminmu ya riga mu zuwa, ya gaida mai unguwa ya nemi izini, aka nuna mana fili a gindin wasu itatuwan ɗorawa. A-kori-kura ce ta kwashe mu. Tanti biyu kacal gare mu, saura buhunan taki muka ɗinke muka ɗaura a sanduna.

A kwana biyun nan na koyi abin da ban manta ba har yau. Ba a kafa tanti dab da ruwa, saboda sauro da sanyin asuba. Ana juya ƙofarsa ta ba iskar hunturu baya. Da safe ka kakkaɓe takalminka kafin ka sa, don kunama na son ɗumi. Ramin bahaya can nesa ake haƙa shi, tunda ruwan nan mutane ke sha. Wuta kuwa sai an binne ta da ƙasa kafin a kwanta, don karan dawa ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar wani.

Doka mafi tsanani ita ce ba wanka a dam. Muka yi ta guna-guni, sai Malam ya yi mana bayanin tsargiya, wato fitsarin jini, yadda ƙwayar cutar ke fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fatar mutum. Sai da na je jami'a na gano cewa tun a shekarun 1970 likitoci sun yi dogon bincike kan wannan cuta a yankin Malumfashi.

Da dare wani dattijo masunci ya kawo mana tarwaɗa muka gasa. Shi ya nuna mana taurarin Kaza da 'ya'yanta, ya kuma gaya mana cewa kogin Sakkwato daga nan yankinmu na Funtua yake tasowa. Ranar na fara jin cewa wannan ƙasa tawa ce.

To me ya faru tsakanina da ƙanina? Kun sani. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, cikin dare. An sako su bayan kwana shida, amma zukatan iyaye ba su koma daidai ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua da Malumfashi. Manoman da suka saba kwana a gona suna gadin amfaninsu suka daina. Kai, ita kanta kalmar "daji" ta canza ma'ana. Da in an ce daji, kaɗanya da zuma da kiwo ke zuwa maka a rai. Yanzu kuɗin fansa.

Wani zai ce, ana ta rai wa ke ta yawon shaƙatawa? Gaskiya ne, rai ne gaba. Amma ku duba wannan: yaron da ya tashi bai san bayan gari ba sai a labarin tsoro, yaya zai yi sha'awar noma? In aka sare itatuwan bakin dam aka yi gawayi, me zai dame shi, tunda bai taɓa zama a inuwarsu ba? Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, a tsararmu waɗanda suka san daji da dare yanzu, yawancinsu masu riƙe da bindiga ne.

Hunturun bara na ce bari in kai yaran unguwarmu irin wannan kwana. Na samu Baba da maganar. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ba da ɗana ba." Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa ce.

Sai muka raba abin biyu. Da rana muka kai yara 20 bakin dam ɗin Gwaigwaye, da yardar iyayensu da sanin mai unguwa, muka dawo kafin la'asar. Da dare muka kafa tantunan buhu a filin wata makaranta mai katanga a cikin gari, 'yan sintirin unguwa suna bakin ƙofa. Ƙanina ne ya hura wuta, sai da ya ƙarar da rabin kwalin ashana. Wajen ƙarfe tara aka ɗauke wutar lantarki, gari ya yi duhu, taurari suka fito. Na nuna musu Kaza da 'ya'yanta. Yara suka yi tsit.

Da za mu kwanta ya ce, "Yaya, yaushe za mu yi na gasken?" Ban sa masa rana ba, don ba na son in yi masa ƙarya.

Saboda haka ku ji ni da kyau: ban ce kowa ya kwashi 'ya'yan mutane ya shiga daji ba. Kar ku yi. Abin da na ce shi ne, kar ilimin ya mutu kafin zaman lafiya ya dawo. In ka taɓa yin sikawut, ko ka taɓa kwanan gona, nemi yara biyar a unguwarku ka koya musu ɗaurin igiya, hura wuta da kashe ta, da sunayen itatuwa. Kuma duk ɗan siyasar da ya zo yana cewa tsaro ya samu, ku tambaye shi ko zai bar ɗansa ya kwana a bakin Mairuwa. Ranar da ya amsa da e ba tare da ya yi jim ba, ni zan fara ɗaukar tabarma.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in sha Allahu.